Haɗa Talo-talo Da Kaji A Keji Ɗaya Na Cinye Jari

Tun da Ghana ta haramta shigo da jelar talo-talo, wato chofi, a 1999, hirar tsuntsun nan a iyakar Aflao ba ta wuce kwastan da fasa-ƙwauri. Amma mai sayar da rayayye a Nima da Maamobi, ɓarawonsa na cikin keji.

Da Kirsimeti ta gabato, sai a cusa talo-talo wuri ɗaya da kaji da zabin Bolgatanga. Su waɗannan kan ɗauki wata 'yar tsutsar hanji, galibi kuma ka gan su garau. Ƙwan tsutsar ne ke dakon cutar da ke lalata hantar talo-talo. Cikin mako biyu sai ya saki fukafukai, kashinsa ya koma ruwan ɗorawa, kafin ka ankara garke ya ƙare.

Maganin tsutsa ba ya warkar da hantar da ta riga ta kamu. Ko a Amurka an janye maganin rigakafi na ƙarshe a 2015. Ƙwan kuma kan shekara biyu zuwa uku a ƙasa, don haka raba keji bai wadatar ba muddin a tsohon filin kaji za a sauke su.