Tsohon Wasan Pokémon da Darasin Ilimin Halittu

A ranar 27 ga Fabrairu 1996 kamfanin Nintendo ya fitar da wani wasan bidiyo a ƙasar Japan, kashi biyu, Ja da Kore, a kan ƙaramar na'urar nan ta hannu mai suna Game Boy. Sunansa Pokémon. Yana daga cikin wasannin da mai wasa yake shiga rigar wani jarumi, ya bi labari daga farko har ƙarshe, yana ƙara ƙarfi da ƙwarewa. Allon na'urar bai kai tafin hannu ba, kuma hotunan ba su da launi. Duk da haka, malamin ilimin halittu da ya daure ya buga wannan tsohon wasa har ƙarshensa zai fito da abin koyarwa mai yawa, kuma ya kamata malamai su dube shi kafin su yanke masa hukuncin shiririta.

Wanda ya ƙirƙiro wasan, Satoshi Tajiri, an haife shi a 1965, ya kuma tashi a Machida da ke gefen birnin Tokyo. Yana yaro ba shi da aiki sai farautar ƙwari a gonaki da bakin tafkuna, har abokansa suka yi masa laƙabi da likitan ƙwari. Da birni ya faɗaɗa, aka cike tafkunan, aka shimfiɗa kwalta, sai ƙwarin suka yi ƙaranci. Wasan ƙoƙarinsa ne na mayar wa yaran birni daɗin nan na nema da kamawa da tarawa. Duk yaron da ya taɓa bin fara a gona ko ya tari shinge a gindin fitila bayan ruwan farko ya san irin wannan daɗi.

Labarin mai sauƙi ne. Wani farfesa ya ba yaro kundi, ya ce ya zaga ƙasa ya rubuta kowace halitta da ya gani; jimillarsu 151. Wata a cikin ciyawa take, wata a kogo, wata ba a samunta sai da ƙugiyar kamun kifi. Wannan kuwa shi ne tushen aikin masanin halittu a daji: sanin halitta, da sanin mazauninta, da adana bayaninta. Wasu halittun ma daga littafin kimiyya aka ɗebo su. Zanen da ya murɗe a cikin Poliwag hanjin talibambam ne, wanda ake hangowa ta fatar cikinsa. Paras kuma ƙwaro ne da naman gwari ya tsiro a bayansa, har idan ya girma naman gwarin ne yake sarrafa shi. Akwai irin wannan a zahiri, domin wasu nau'o'in naman gwari suna shiga jikin tururuwa su juya halinta kafin su kashe ta. Wani abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, halittu biyu masu suna ɗaya ba sa zuwa da ƙarfi ɗaya, saboda wasu lambobi da aka ɓoye a cikin kowace. Malami zai iya fara darasin bambancin da ke tsakanin 'ya'yan jinsi ɗaya daga nan.

To, amma akwai babban kuskure, kuma shi ya fi komai buƙatar malami. Idan tsutsar nan Caterpie ta kai mataki na 7 sai ta naɗe cikin kwanso, a mataki na 10 ta fito da fukafukai irin na malam-buɗe-littafi. Wasan ya kira wannan juyin halitta. Ba shi ba ne. Wannan rikiɗa ce, wadda ke faruwa a jikin halitta guda a tsawon rayuwarta, kamar yadda talibambam ke zama kwaɗo. Juyin halitta da Charles Darwin ya bayyana a littafinsa na 1859 canji ne da ke samun jinsi baki ɗaya, sannu a hankali, daga zuriya zuwa zuriya. Halitta guda ba ta yinsa ita kaɗai. Ɗalibin da ya shiga jarrabawa da fahimtar wasan zai faɗi wannan tambaya.

A 2002 Andrew Balmford na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsa sun gwada yara 109 a Birtaniya, suka buga sakamakon a mujallar Science. Yara 'yan shekara 8 sun gane kusan kashi 80 cikin ɗari na halittun Pokémon da aka nuna musu, amma ba su gane rabin dabbobi da tsirran ƙasarsu ba. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin laifin wasan. Ya fi dacewa a ɗauke shi a matsayin shaida cewa ƙwaƙwalwar yaro tana iya riƙe sunaye sama da ɗari, da siffofinsu da halayensu, muddin an ba shi dalilin nema. Ke nan gazawar tana wajen yadda ake gabatar masa da buzuzu da zanzaro da hankaka.

Wasan yana da nasa aibi. Yana cin lokaci ƙwarai, faɗace-faɗacensa suna maimaita kansu har su gundiri mutum, kuma ɗalibin da jarrabawa ke gabansa ba shi da sa'o'in zubarwa. Haka nan tunanin kama dabbar daji a haɗa ta faɗa ba abin koyi ba ne. Samunsa ma ya yi wuya: batirin da ke cikin tsofaffin kaset-kaset ɗin yana mutuwa ya tafi da duk abin da aka adana, kuma shagon intanet na na'urar 3DS, inda aka sake sayar da shi tun 2016, ya daina ciniki a Maris 2023.

Sai dai ba dole ne kowane ɗalibi ya riƙe na'ura ba. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta tana iya aron dabarar kawai: littafi guda, shafi ɗaya ga kowace halitta da aka gani a harabar makaranta, da sunanta na Hausa, da zanenta, da wurin da aka same ta, da ranar. Ajin da ya fara da saukar damina zai cika shafuka masu yawa kafin kaka.