Sharhi: Suna, tambari da matuƙa: abin da ke gaban Najeriya kafin zancen jirgin yaƙin ƙarƙashin teku

Tun da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sauya manyan hafsoshin tsaro a watan Oktoban 2025, ya kuma ɗora Idi Abbas a kan kujerar Babban Hafsan Sojin Ruwa, wata tsohuwar tambaya ta sake dawowa bakin masu bibiyar harkokin tsaro: yaushe Najeriya za ta mallaki jirgin yaƙin da ke tafiya a ƙarƙashin teku? Tambayar tana da wurin zama har a birnin Jos, duk da cewa garin yana bisa tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma ruwan da mazauna Rayfield suka fi sani shi ne tafkunan da haƙar kuza ta bari. Sabon hafsan, ɗan asalin ƙaramar hukumar Nassarawa a Jihar Kano, a Makarantar Sakandaren Sojin Sama ta Jos ya yi karatu kafin ya wuce Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Kaduna. Jihar Filato da kanta ta taɓa zama a hannun jami'in sojin ruwa, Kyaftin Samuel Atukum, wanda ya yi gwamnan soja daga 1984 zuwa 1985, kuma dakarun ruwa sun yi aiki cikin rundunar haɗin gwiwa da aka girke a jihar tun 2010.

Najeriya dai ba ta da irin wannan jirgi, ba ta kuma taɓa mallakarsa ba tun kafa rundunar sojin ruwanta a 1956. A duk nahiyar Afirka ƙasashe uku ne ke da shi: Masar, Aljeriya da Afirka ta Kudu. Masu son ganin Najeriya ta zama ta huɗu sukan yi maganar ne ta fuskar kuɗi da martaba, wato nawa za a kashe da kuma irin kwarjinin da ƙasar za ta samu. Sai dai ƙasashen da suka daɗe a wannan fage suna fara lissafinsu ne daga mutane.

A Amurka, alal misali, akan naɗa kwamandan sabon jirgi tun ƙarafansa na hannun maƙera a masana'anta. Shi da mataimakinsa da babban injiniya da rukunin farko na dakarun za su zauna tare da jirgin ana haɗa shi, su san inda kowane bututu ya bi da inda kowace waya ta shiga. A cikin wannan zaman ne ake zana tambarin jirgin, sau da yawa ta hanyar gasa a jihar da aka ba jirgin sunanta, a kuma zaɓi taken da zai ɗauka har ƙarshen rayuwarsa. Akwai wata alama kuma da ta fi tambarin daraja a idon su kansu matuƙan, wato bajon dabbar ruwa dolfin da ake maƙalawa a ƙirji. Ba a ba mutum shi sai ya shafe watanni yana koyon kowane sashe na jirgin, ya kuma tsaya gaban manyansa ya nuna cewa idan ruwa ya ɓalle ko wuta ta tashi a ɗakin da ba nasa ba, ya san famfon da zai rufe. Mai dafa abinci ma sai ya bi ta wannan hanya.

Birtaniya ta fi tsananta wa shugaban. Tun 1917 take gudanar da wani kwas na musamman ga masu neman jagorantar jirgin ƙarƙashin teku, kuma al'adarsa ita ce wanda ya faɗi ya bar wannan sashe ke nan har abada. Dalilin tsaurin yana cikin yadda jirgin ke aiki. Irin wanda ƙasa kamar Najeriya za ta iya saya, mai injin dizal da batura, yana nitsewa ne ta hanyar cika wasu tankuna da ruwa, ya taso ta hanyar korar ruwan da iska mai ƙarfi. A ƙasa batura kaɗai ke tuƙa shi, kuma lokaci zuwa lokaci dole ya matso kusa da sama ya zuƙi iska don kunna injin ya yi caji. Baturan suna fitar da iskar da ke iya kamawa da wuta. Mutum talatin ko sama da haka ne ke zaune cikin wannan kwano na makonni, babu taga, babu rana, wasu ma gado ɗaya suke karɓa-karɓa. Kuskuren mutum ɗaya na iya tafiya da kowa, shi ya sa hatsarin irin waɗannan jirage sau da yawa ba ya barin mai ba da labari. Kursk na Rasha ya tafi da mutum 118 a 2000, San Juan na Ajantina da 44 a 2017, Nanggala na Indonesiya da 53 a 2021.

Darasin da ya fi kusa da gida na Afirka ta Kudu ne. Ƙasar ta karɓi jirage uku ƙirar Jamus tsakanin 2005 da 2008, ta kuma raɗa musu sunayen mata uku na tarihinta: Manthatisi, Charlotte Maxeke da Sarauniya Modjadji. Zaɓin sunayen ya yi ma'ana ga ƙasar da ta fito daga mulkin wariya tana neman sababbin gwarzaye. Amma ƙarancin kuɗin gyara ya sa an sha samun lokutan da jirgi ɗaya kacal ke iya fita teku, wanda ke nufin matuƙan ma ba sa samun isassun kwanakin atisaye. A ranar 20 ga Satumban 2023 igiyar ruwa ta share dakaru daga saman Manthatisi a kusa da Kommetjie yayin wani atisaye da jirgi mai saukar ungulu, uku suka rasu. Cikinsu har da Laftanar Kwamanda Gillian Hector, mataimakiyar kwamandan jirgin, wadda aka sani a matsayin mace ta farko da ta tuƙa jirgin ƙarƙashin teku a ƙasar. Shekarun da aka zuba wajen horar da ita ba abu ne da kasafin kuɗin shekara ɗaya zai mayar ba.

Idan aka zo batun suna da alama, Najeriya ba ta da abin koyo a wurin kowa. Rundunar sojin ruwanta tana da wata al'ada mai hikima da ba kowa ya lura da ita ba: idan aka sayo jirage iri ɗaya, sai a ɗauki dabba guda a raba sunanta cikin harsunan ƙasar. Haka aka samu Dorina tare da Erinomi da Enyimiri, duk dabba ɗaya ce a bakin Bahaushe da Bayarabe da Ibo. Haka aka samu Damisa tare da Agu da Ekpe. Tsofaffin jiragen da aka karɓo daga masu gadin gaɓar tekun Amurka kuwa suka zama Kyanwa da Ologbo da Nwamba. Jirgin sauke dakaru da motocin yaƙi da kamfanin Damen ya ƙera, wanda ya iso a 2022, Kada aka sa masa, dabbar da ke rayuwa a ruwa ta kuma hau tudu, daidai da aikin jirgin. Garuruwan Arewa ma ba a bar su a baya ba, domin akwai jiragen sintiri masu ɗauke da sunayen Zariya da Kano da Sakkwato. Yaron da ya tashi a Bukuru ko Dadin Kowa bai taɓa ganin teku ba zai ji sunan jirgin ƙasarsa da harshen da yake ciniki da shi a kasuwa, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga rundunar da ke ɗibar ma'aikata daga dukkan jihohi.

Sai dai mafi girman waɗannan sunaye shi ne kuma mafi nauyin darasi. Aradu, jirgin da kamfanin Blohm + Voss na Hamburg ya ƙera, ya shiga aiki a 1982 a matsayin jagoran jiragen rundunar, mai tsawon kimanin mita 125, kuma a lokacin babu kamarsa a yankin. Ya wakilci Najeriya a bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar a Birtaniya a 2005, ya kuma je Brazil a 2007. Amma kaso mai yawa na rayuwarsa a ɗaure ya yi shi a bakin gaɓa yana jiran gyara, har sai da aka ƙulla yarjejeniyar farfaɗo da shi da kamfanin Dearsan na Turkiyya a 2023. Jirgin saman ruwa idan injinsa ya tsaya, yakan yi shawagi har a zo a ja shi. Na ƙarƙashi ba shi da wannan rangwame. Duk ƙasar da ta sha wahalar riƙe Aradu a teku, ya kamata ta yi wa kanta tambaya da gaskiya kafin ta sanya 'ya'yanta talatin cikin abin da ke nitsewa da gangan.

Akwai kuma tambayar aikin da jirgin zai yi. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, kuma matsalolin da suka addabe ta sanannu ne: satar ɗanyen mai, haramtattun matatu a cikin fadamun Neja Delta, fashin teku, da kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. Nasarar da aka samu har Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya da ke sa ido kan fashi ta cire sunan Najeriya daga jerin wurare masu hatsari a 2022, ta samu ne da jiragen sintiri, na'urorin hangen nesa da dokar hukunta 'yan fashin teku ta 2019. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar jirgin ƙarƙashin teku, wanda ba zai ma iya shiga ƙoramun Delta ba.

Masu goyon bayan sayen jirgin suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Arzikin ƙasar yana ƙara matsawa cikin teku mai zurfi, inda rijiyoyin Bonga da Agbami da Egina suke, kuma katsewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a watan Maris na 2024 ta nuna wa bankuna da 'yan kasuwa, har na Jos, cewa abin da ke kwance a ƙasan ruwa ya shafi aljihunsu. Ƙasar da ba ta iya gani a ƙarƙashin tekunta tana da gurbi a tsaronta. Amma cike wannan gurbi yana farawa da sanin ƙasan tekun, aikin da jirgin safiyo Lana da aka ƙera a Faransa ya shigo don yi a 2021, sai ƙwararrun masu nutso, na'urorin sauraren motsi a ruwa, da ƙananan jirage marasa matuƙa. Waɗannan duka sun fi araha, kuma ko da wata rana za a sayi babban jirgin, ba zai iya tafiya lafiya ba sai da taswirar da suka samar.

Abin lura shi ne rundunar ba ta rasa masu ilimin fannin ba. Awwal Zubairu Gambo, wanda ya jagorance ta daga 2021 zuwa 2023, shi ma ɗan Kano, ƙwararre ne a yaƙin ƙarƙashin ruwa, yayin da Idi Abbas ya ƙware a na saman ruwa. Sai dai sanin yadda ake farautar jirgin ƙarƙashin teku daban yake da zama a cikinsa. Kafin a samu kwamanda guda da za a damƙa wa irin wannan jirgi, sai ya yi shekaru yana ƙaramin jami'i a ciki, ya zama shugaban sashe, ya zama mataimaki. Tun da Najeriya ba ta da jirgin da zai yi wannan hidima a kai, sai dai a nemi gurbi a jiragen ƙasashe abokai irin su Turkiyya ko Pakistan ko Masar, kuma hakan na nufin yanke shawara shekara goma ko fiye kafin ranar da za a ɗaga tuta. Jirgi ɗaya ma ba ya wadatarwa, domin yayin da ɗaya ke teku, wani na gyara, wani na horo, wanda shi ne dalilin da ya sa Afirka ta Kudu ta sayi uku, Masar ta ƙaro huɗu daga Jamus.

A 2021, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da kafa cibiyar sojin ruwa a Kano, an yi ta ba'a ana tambayar inda tekun yake. Cibiyar ta zama kwalejin horar da jami'an samar da kayan aiki a Dawakin Tofa, wato masu lissafin mai da kayan gyara da abincin dakaru. Tarihin Aradu ya nuna cewa a wannan sashen ne jiragen Najeriya suka fi ciwo. Ma'aikatar Jiragen Ruwa ta Soja da ke Legas kuma ta ƙera jiragen tsaron gaɓa uku da hannun injiniyoyin gida, Andoni a 2012, Karaduwa a 2016 da Oji a 2021, yayin da rundunar ta ba Dearsan kwangilar manyan jiragen sintiri biyu masu tsawon mita 76. Yawan kwanakin da waɗannan jirage za su yi a teku a kowace shekara, da kuɗin gyaransu da Majalisar Dokoki ta Ƙasa za ta amince da shi a kuma saki a kan lokaci, su ne alƙaluman da kwamitocin sojin ruwa na majalisun biyu ya kamata su nema daga sabon hafsan a zaman kare kasafi mai zuwa.