A Tambayi 'Yan Aike Kafin A Ba Ɗan Kasuwa Lambar Yabo



A makon jiya, a darasin kasuwanci, malaminmu ya gaya mana cewa a wurare da yawa akan shirya biki duk shekara don karrama kamfanonin da suke riƙe gaskiya a cinikinsu. Sai ya tambaye mu, da za a yi irin wannan a Samaru ko Sabon Gari, wa za mu ba? Nan take aji ya kaure da surutu. Abin mamaki, babu wanda ya ambaci babban kamfani. Wannan ya ce wani mai awo, waccan ta ce wani mai kemis na layinsu, wani kuma ya dage sai tsohuwar da take sayar da man gyaɗa a bayan gidansu. Har aka kaɗa ƙararrawa ba mu gama ba, shi ya sa muka kawo maganar nan bangon.

Mu dai ra'ayinmu shi ne a yi wannan karramawa a nan garinmu, amma a fara da ƙananan 'yan kasuwa, kuma a tambaye mu yara kafin a zaɓa. Kada ku yi dariya. Wa ake aika kasuwa? Mu ne. Da an tashi makaranta, kafin mutum ya cire yunifom an miƙo masa kuɗi da leda: je ka sayo tiyar masara, je ki sayo barkono da manja. Iyayenmu suna sanin ɗan kasuwa da fuskar da yake nuna wa manya. Mu kuwa mun san yadda yake idan yaro ne kaɗai a gabansa, ba mai kallo.

Mun san mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, wanda in ka kalle shi daga waje ba za ka gane komai ba. Mun san mai awon da yake da kwano biyu, babba na saye daga manoma, ƙarami na sayar mana. Mun san tumatirin da aka jera manya a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Akwai wasu 'yan ajinmu biyu, gidajensu na kusa, aka aike su sayo wake rana ɗaya, kowacce mudu guda, kuɗi ɗaya, amma wajen mutane daban. Da suka dawo aka auna da gwangwanin madara, sai na ɗaya ya gaza da gwangwani guda cur. Ita aka yi wa faɗa a gida, aka ce ta zubar a hanya ko ta ci kuɗin. Ta yi kuka, ta rantse, ba a yarda ba sai da maƙwabciya ta sa baki. Wanda ya tauye mudun yana can rumfarsa, bai ma san an yi ba.

Amma fa akwai na kirki, kuma suna da yawa. Akwai mai shagon da ya biyo ɗaya daga cikinmu da gudu har bakin titi don ya ba shi canjin da ya manta. Akwai mai kemis da ya duba kwalbar maganin tari, ya ga kwananta ya ƙare, ya ƙi sayarwa, ya ce a je wani shagon, alhali da ya miƙo ba wanda zai lura. Akwai mahaucin da yake juyo sikelinsa ya fuskanci mai saye, ko da mai sayen bai kai tsawon teburin ba. Duk cikinsu babu wanda aka taɓa ba ko da takardar yabo.

Lambobin yabon kuwa muna ganinsu a manyan shaguna idan an je da mu sayayyar sallah ko ta kirsimeti a Sabon Gari. Ga su nan rataye a bango, masu ƙyalli, da rubutun Turanci. Wani yayanmu da ya taɓa aiki a irin waɗannan wurare ya ce wasu daga ciki kuɗi ake biya, wata ƙungiya ta zo da allon a shirye, a ɗauki hoto, a ba ta na mota. Ba mu ce duka haka suke ba. Tambayarmu kawai ita ce, kafin a ba da allon, wa ya auna kayan? Wa ya tambayi masu saye ko yaran shagon yadda ake biyansu?

Ai ko gwamnati ba ta ba da alamarta haka kawai. Ku duba ledar ruwan da muke sha a lokacin tara, za ku ga lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna. A jikin wasu kayan kuma akwai alamar NIS ta hukumar SON. Ƙa'idar ita ce sai an gwada kaya kafin a ba su alama. Dalilin ba wasa ba ne. A 2008, kafin a haife mu, wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya gurɓata da sinadari mai guba, yara aƙalla 84 suka mutu a Najeriya, wasunsu a nan Zariya. Iyayensu sun saya ne da niyyar magani. Sannan akwai Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 tana yaƙi da jabun magunguna. A 2003 ƙungiyar Transparency International ta ba ta lambar yabo ta riƙon amana, kuma a ƙarshen shekarar nan 'yan bindiga suka harbi motarta, Allah ya kiyaye ta. Irin wannan lambar kowa ya san aikin da ya jawo ta.

A ƙungiyarmu ta 'yan jarida ba kowa ya yarda da mu ba, kuma za mu faɗi abin da suka ce. Wasu sun ce gaskiya wajibi ce, me zai sa a yi wa mutum kyauta don bai yi sata ba? A islamiyya mun karanta Suratul Muɗaffifina a kan masu tauye mudu, abokanmu Kirista kuma sun ce littafin Karin Magana ya yi maganar ma'aunin zamba. Haka ne, ladan mai gaskiya yana wajen Allah. To amma ku duba halin da yake ciki a kasuwa. Mai cikakken mudu yana zaune kusa da mai tauyayye, farashinsu ɗaya, kullum na kusa da shi ya fi shi riba. In babu wanda ya nuna bambancinsu, ranar da kuɗin makarantar 'ya'yansa ya matse shi, zuciya za ta iya ce masa shi ma ya bubbuga nasa. Takardar da za a liƙa a rumfarsa za ta kawo masa masu saye, mu kuma za ta nuna mana inda za mu je ba tare da tsoron faɗan gida ba.

Wasu kuma sun ce mutum zai gyara hali har ya karɓi lambar, daga nan ya koma gidan jiya. Wannan gaskiya ne, ya daɗe yana damunmu. Abin da muka iya tunani shi ne lambar ta zama ta shekara ɗaya tak, a rubuta shekarar da manyan baƙaƙe, kuma masu gwaji su riƙa zuwa ba da sanarwa ba. Nan ma yara sun fi dacewa, don babu ɗan kasuwar da zai zargi yarinya mai riƙe da leda.

Saboda haka muna roƙon Ƙaramar Hukumar Sabon Gari da shugabannin kasuwar Samaru da ta Sabon Gari su duba wannan. A samo mudu da sikeli na gaskiya a ajiye a ofishin kasuwa, a riƙa gwada abin da aka sayo da su. Kada a karɓi ko sisin kwabo daga wanda za a karrama. Kada a manta da mata masu sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa, waɗanda ba su da rumfa balle allo. Sunan kyautar ma ba sai an je nesa ba. A nan Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sunan nan kuwa kamar don wannan aka raɗa shi.

Kafin manya su amsa, mu za mu fara da namu. Mun ajiye kwali a ƙarƙashin wannan bangon. Duk wanda ɗan kasuwa ya taɓa yi masa gaskiya a inda zai iya cutarsa, ya rubuta abin da ya faru, da sana'ar mutumin da layin da yake, ya jefa. Ba ma son sunayen macuta, ba faɗa muka zo yi ba, kuma malamarmu ta ce duk takardar zagi za ta yaga ta. Za mu buɗe kwalin ranar Juma'a ta ƙarshen wata, bayan taron safe.