A bar wa na'urar kiɗa linzaminta

Makon jiya ɗana na fari, wanda ke kwaleji, ya zo neman jika guda a wurina. Ya samu wata ƴar na'urar sauraren kiɗa ta aljihu, irin gwanjon da ake kawowa daga Turai, amma wai ƙararta ba ta ishe shi ba. Wani mai gyaran salula ya ce masa ɗaure ta aka yi, in ya biya zai kwance masa ita. Na hana shi kuɗin, kuma ina ganin ya kamata kowane uba da kowace uwa su hana.

Mai gyaran bai yi ƙarya ba, ɗaure ta aka yi, amma ba don mugunta ba. Tun 1996 Faransa ta kafa dokar da ta hana irin waɗannan na'urori wuce desibel 100, wato ma'aunin ƙarfin sauti. A 2002 sai da kamfanin Apple ya janye iPod daga kasuwar Faransa na ɗan lokaci, har ya daidaita ta da dokar. Daga baya Tarayyar Turai ta tsayar da cewa na'ura ta fito daga kamfani a kan desibel 85. Mai son ƙari sai ya ga gargaɗi ya amince, shi ma ba zai haura 100 ba.

Me ya sa? Can cikin kunne akwai wani sashe mai kama da katantanwa, cike da ƴan ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke karɓar sauti. Ƙara mai yawa na kashe su, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da illa ba, yaro kuma desibel 75. In aka kai 100, abin bai wuce kamar minti 20 a mako ba. Ɓarnar ba ta zuwa da ciwo ko jini, a hankali take ci.

Ɗana ya ce mini: "Baba, in ana niƙa kusa da mu ko ina bisa kabu-kabu, ba na jin kome." Gaskiyarsa. Sai dai a wannan lokacin kunnensa ya riga ya ɗauki ƙarar inji, shi kuma yana son ya ɗora masa wata wadda ta fi ta. Maganin shi ne ya kashe na'urar har ya samu wuri mai shiru, ko a saya masa ekutar masu rufe kunne sosai, su tare hayaniyar waje.

Wasu iyaye na cewa nasu yaron karatun Alƙur'ani ko wa'azi yake saurare. Madalla, Allah ya yi albarka. Amma kunne bai san bambancin ƙira'a da kiɗa ba, ƙarfin ƙarar kawai yake ji.

Mu malamai abin ya fi shafa. Aji ya cika maƙil, ana dikte, wani yaro can baya yana ta kuskuren kalmomi, mu ce daƙiƙi ne ko ba ya maida hankali. Sau nawa muka tambaye shi ko kunnensa na yi masa ƙugi da dare? Sau nawa muka maido shi bencin gaba don mu gani?

A gidana yanzu doka biyu ce. Kada ƙara ta wuce kashi 60 cikin 100, kuma in na yi maka magana ina tsaye gabanka ba ka ji ba, to ka rage. Ɗana ya kwana biyu yana fushi da ni. Na gwammace fushin nan da ranar da zan kai shi wurin likitan kunne a ce mini an makara.