Ra'ayinmu: Saura Tana Da Mai Ita

Duk manomi a ƙasar nan ya san bambancin saura da daji. Gonar da aka bari ta huta shekara biyar ko goma, har ƙirare ya rufe ta, ba ta zama ta kowa da kowa ba. Gidan da ke da ita sun san iyakarta. A kan wannan 'yar maganar ce mutanen Gwalkwas, wato Gana ta yau, suka ja da gwamnatin mulkin mallaka a 1897, kuma suka yi nasara ba tare da an harba bindiga ba. Mun ga ya dace 'yan'uwa masu karatu su san yadda abin ya gudana, domin yawancinmu idan an ce "a rubuta takardar koke" sai mu taɓe baki mu ce ɓata tawada ne.

A shekarar nan Gwamna William Maxwell ya gabatar wa Majalisar Dokoki ta Akra da shirin dokar ƙasa. Shirin ya ce duk filin da ba a zaune a kansa, ba a kuma noma shi, gwamnati ce za ta riƙa gudanar da shi. Sarki ba zai ba baƙo fili ba sai da yardar Gwamna. Wanda kuma ya karɓi takardar mallaka daga gwamnati, dokar Ingila za a bi wajen rabon gadon filin. Wannan na ƙarshe ya taɓa Fantawa a wuri mai ciwo, don su gadonsu ta ɗakin uwa yake bi, ɗan 'yar'uwa ke gadon kawunsa.

Wace irin majalisa ce? Babu ko mutum ɗaya da jama'a suka zaɓa a cikinta. Gwamna ne shugabanta, ma'aikatansa ne suka fi yawa, sauran kuma naɗa su aka yi. Ai da mutanen Cape Coast sun ce zuwa gabanta aikin banza ne, da ba wanda zai ga laifinsu. Amma suka kafa ƙungiya mai suna Aborigines' Rights Protection Society, wato ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙasa, suka haɗa sarakuna da 'yan boko da 'yan kasuwa wuri guda, suka nemi izni a saurari lauyansu a zauren majalisar.

Lauyan shi ne John Mensah Sarbah, wanda ya zama lauya a Landan a 1887, ɗan ƙasar na farko da ya kai wannan matsayi. Bai je da zagi ba. Ya riga ya yi shekaru yana tattara al'adun Fantawa da hukunce-hukuncen kotuna a kan ƙasa da gado, ya buga su littafi a wannan shekara ta 1897. Hujjarsa ɗaya ce, a kanta ya tsaya: babu taƙi ɗaya na ƙasa a Gwalkwas da ba shi da mai shi, ko na kujerar sarauta, ko na zuriya, ko na mutum guda. Ingila kuwa ba ta ci mutanen bakin teku da yaƙi ba, balle ta ce ƙasarsu ganima ce. Da ƙungiyar ta kawo masa gini 400 ladan aikinsa, fam 420 ke nan, sai ya ƙi karɓa.

A nan ma ikilisiya tana da nata rabo a labarin, mai daɗi da marar daɗi. Jaridar da ta fi kowace faɗakar da jama'a a kan shirin dokar ita ce Gold Coast Methodist Times, editanta kuwa Rabaran S. R. B. Solomon, wanda daga baya ya koma sunan Attoh Ahuma. Shugabannin mishan suka ga ya kutsa cikin siyasa da yawa, suka raba shi da kujerar edita. A ganinmu sun yi kuskure. Mutumin da ya gaya wa mabiyansa za a ƙwace gonakinsu bai fita daga aikin kiwon tumaki ba.

Gwamna bai sauya ra'ayi ba. Su kuma ba su koma gida suka naɗe hannu ba. Aka tara kuɗi, shugaban ƙungiyar, Jacob Wilson Sey, attajiri wanda bai yi makaranta ba, ya zuba nasa mai yawa. A 1898 shi da T. F. E. Jones da George Hughes suka shiga jirgin ruwa zuwa Landan da takardar koke, suka gana da Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Joseph Chamberlain. Aka jingine dokar.

Gaskiya dai, ba takardar kaɗai ta yi aikin ba. Maxwell ya mutu a cikin jirgi a ƙarshen 1897, a 1898 kuma yaƙin harajin ɗaki ya ɓarke a Saliyo, Landan ba ta son wata sabuwar wuta. To amma sa'a ba ta amfanar wanda bai shirya takardarsa ba. Da lokacin ya zo, koken yana kan teburin Chamberlain.

Akwai kuma abin da masu yabon ƙungiyar ba su cika faɗa ba. Ƙorafin Maxwell ba ƙarya ba ne duka. Lokacin ana rububin zinariya da katako, wasu sarakuna suna sa hannu a takardun da ba su iya karantawa ba, suna ba kamfanonin Turawa manyan filaye a kan kuɗi ƙalilan. Dokar da aka yi a 1900 ta ce kotu ce za ta riƙa tantance irin waɗannan yarjejeniyoyi, amma cinikin bai tsaya ba. An kare ƙasar daga hannun Gwamna, talaka kuwa ba a kare shi daga hannun sarkinsa ba. Duk da haka, har yau kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Gana yana hannun sarautu da zuriyoyi.

Mu a Arewacin Nijeriya wata hanya aka bi da mu. Dokar 1910 ta sa dukan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, dokar soja ta 1978 kuma ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta. An cusa wannan doka cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999, ta yadda ba a iya taɓa ta sai ta hanyar gyaran tsarin mulkin kansa. Shi ya sa mai gona zai wayi gari ya ga an kafa turaku a saurarsa, a ce masa diyyar amfanin gona da gini kawai zai samu.

Bambancinmu da mutanen Cape Coast shi ne, majalisunmu mu muka zaɓe su, kuma Majalisar Dattawa da ta Wakilai kowace tana da kwamitin karɓar koke-koken jama'a. Muna kira ga dattawan ƙauyukan da ke da matsalar fili su zauna da maƙwabtansu, Kirista da Musulmi, su rubuta koke ɗaya a kan abu ɗaya: sunan filin, iyakokinsa, ranar da aka karɓe shi, abin da aka biya, da sa hannun kowane magidanci. Su kai wa ɗan majalisarsu, su karɓi shaidar an karɓa, su ajiye kwafi a wurin mai unguwa.