Kujerar Ƙaramar Hukuma Ba Tsani Ba Ce

Mutanen Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa ba za su manta da zaɓen ƙananan hukumomi na watan Disamba 2012 ba. A lokacin jam'iyyar PDP ce ke riƙe da Jihar Kaduna, amma duk da haka Kaduna Ta Arewa ta miƙa kujerar shugabanta ga wani matashi ɗan jam'iyyar hamayya ta CPC, watau Alhaji Sama'ila Suleiman, wanda bai daɗe da haura shekara 30 ba.

Siyasarsa a wancan zamani ita ce ta Janar Muhammadu Buhari, watau neman canji da ƙyamar almundahana. Da CPC ta narke cikin APC a 2013 ya bi ta. A 2015 ya tafi Majalisar Wakilai, aka sake zaɓensa a 2019. A 2022 ya koma PDP, sa'an nan a 2023 Bello El-Rufa'i ya kayar da shi.

Ba laifi ba ne matashi ya nemi ci gaba. Abin dubawa shi ne yadda kujerar ƙaramar hukuma ta zama zango kawai a kan hanyar Abuja. Gyaran da aka yi a 1976 manufarsa ita ce a kawo mulki kusa da talaka. Amma Tsarin Mulki na 1999 ya sa kuɗin ƙananan hukumomi su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Shugaban da ba ya iya gyara kwalbati ko rufin firamare sai da yardar Gwamna, yaya za a yi ya so daɗewa a wurin?

A ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Lalle ne ma'aikata da ɗalibai su sa ido a ga an aikata wannan hukunci. Sa'an nan duk matashin da ya zo neman ƙuri'a a tambaye shi abin da zai yi wa asibitin unguwa da kasuwa da magudanar ruwa kafin damina. Ƙuruciya kaɗai ba aƙida ba ce, aiki shi ke nuna mutum.