Keji ba ya koya wa kwikwiyo hankali

Da damina ta sauka a Arewa, gidajen Lugu, garin Sarauniya, kan zama wayam tun da sassafe, kowa ya nufi gonar gero. Ana dawowa da la'asar sai a tarar kwikwiyon da aka bari ya yayyage tabarma, ya tauna takalmin maigida, ya kashe 'yan tsaki. Maganin da kowa ke bayarwa, daga Dogondutsi har Tibiri, ɗaya ne: a ɗaure shi da gajeriyar igiya, ko a kulle shi a tsohon akurki, ko a sa mai walda ya ƙera keji irin na Turawa da ake gani a waya. Sai ya sha wuya zai yi hankali, in ji su.

Wannan zalunci ne, kuma ba ya gyara komai. Kwikwiyo na da haƙoran nono 28. Daga wata 3 ko 4 suke fara zubewa, na manya 42 su fito, abin ya kai wata 6 ko 7. Duk wannan lokacin dasashinsa ƙaiƙayi yake, dole ya tauna abin da ya samu. Ga yunwa, don da yawanmu mun ɗauka kare shi ke neman abincinsa. Ga kewa, an raba shi da uwarsa jiya, yau an bar shi a kango shi kaɗai. Wanne daga cikin ukun nan ƙarfe ke warkarwa?

Ɗan wata 3 ba ya iya riƙe fitsari fiye da 'yan awoyi, a cikin kejin zai yi, a nan zai kwanta. Kare kuma da haki yake rage zafin jikinsa. A sa shi ƙarƙashin kwano a rana irin tamu, wadda ke wuce digiri 40 da bazara, ruwan ƙwaryarsa ya kife tun hantsi, to kashe shi ake yi. Ko a Turan da ake kwaikwayo, dokar Suwidin ta hana ajiye kare a rufaffen keji sai don tafiya da makamantanta. Masu fakewa da cewa ai najasa ne su tuna mazhabar Malikiyya da muke bi ta ɗauki kare mai rai a matsayin mai tsarki, kuma kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha.

Mafarautan Dallol Mawri ba da kulle suke horar da karnukansu ba. Ƙaramin kare na bin babba cikin daji har ya koyi kira da hani. Manomi ma zai iya: ya tafi da shi gona, ya gaji da gudu, ya kwanta a inuwar bishiya. In dole a bar shi gida, a ƙosar da shi da ƙanzo, a killace masa wuri mai faɗi da inuwa da ruwa nesa da kaji, a jefa masa babban ɗanyen ƙashi, a fara saba masa da ɗan lokaci kafin a kai ga yini. Wanda ba zai iya wannan ba, ya bar kwikwiyon wurin uwarsa.